Hanyoyin Maraɗi Ranar Kasuwa

Ran Litinin da ran Juma'a kasuwar Maraɗi take ci. Tun da asuba mutanen karkara suna bisa hanya. Na Tibiri suna shigowa ta arewa. Na Jiratawa da na Madarunfa suna haurowa daga kudu. Wani ya ɗaure buhun wake a bayan keke. Wani ya koro jaki da kayan itace. Wani ya cika amalanke da tumatir da zogale na garka. Matan Fulani suna tafe a ƙasa da ƙwaryar nono a kai. Ga makiyayi yana jaye da raguna biyu da ya kwashe watanni yana turka.

Kowa da abin da ya fito nema. Amma abu guda ya haɗa su. Kafin su kai kasuwa, sai sun hau kwalta, sun gamu da mota da babur. Nan ne wahalar tafiyar take. A ƙauye, in jaki ya gamu da jaki, sai a yi gaisuwa a wuce. A birni, in mota ta gamu da keke, mai keke ne ke kwana gidan likita.

Garin da ya hau tudu

A da, birnin Maraɗi yana cikin kwari ne, bakin gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci garin. Sai aka tashe shi, aka maido shi bisa tudu. Aka shata hanyoyi masu faɗi, miƙaƙƙu kamar kunyar gona. A lokacin motocin garin kaɗan ne. Raƙumi da jaki da doki su ne masu hanya.

Yau abin ya sake. Ƙidayar shekarar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 260 a cikin birnin, kuma tun daga nan ƙaruwa yake yi. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tana bi ta arewacin garin. Wata hanyar ta ratsa gari ta yi kudu, ta bi Ɗan Isa ta shiga Najeriya, ta Jibiya da Katsina. Saboda haka duk kayan fatauci nan suke bi.

A watan Disamba na 2015 an yi bikin Maraɗi Kwalliya. An shimfiɗa sabuwar kwalta a manyan hanyoyi, an kafa fitilu. Gari ya yi kyau, kowa ya yaba. Sai dai kwalta mai sulɓi ta ƙara ma masu tuƙi gudu. Ramin da ke sa direba ya taka birki babu shi. Mai keke da mai tafiya ƙasa kuwa, saurinsu bai ƙaru ba.

Bakin gari

Mai shigowa daga ƙauye da manyan motoci yake fara gamuwa. Akwai tirela mai ɗauke da albasa. Akwai mai ɗauke da shanu. Akwai tankar mai. Akwai dogayen motocin fasinja da ke tashi tun da duhu don su kai Yamai da rana.

Kwaltar bakin gari ba ta da faɗi ƙwarai. In manyan motoci biyu suka haɗu, ba sauran wurin keke. Direba sai ya danna oda, bai rage gudu ba. Mai keke sai ya faɗa gefe. Gefen kuwa rairayi ne. Ƙafar keke ta nutse, buhu ya rinjaye shi, ga shi ƙasa. In ya faɗi wajen daji, ya tsira da ƙujewa. In ya faɗi wajen kwalta, sai abin da Allah ya yi.

Babbar mota tana da halaye biyu da ya kamata kowa ya sani. Na farko, direbanta yana zaune can sama. Ba ya ganin abin da ke dab da gabansa, ko dab da gefensa na dama, ko bayansa. Na biyu, in za ta sha kwana, ƙafafun baya ba su bin sawun na gaba. Suna yankowa ciki. Wanda ya raɓe a kusurwa yana jin ya kauce, shi ne ƙafar baya ke samu. Dabarar guda ce: wanda ba ya hangen fuskar direba a cikin madubin mota, to direba ma bai gan shi ba.

Tsakiyar gari

Da an shiga gari, sai babura. Tun da babur ɗan ƙasar Sin ya yi araha, ya cika ko'ina. Ƴan kabu-kabu suna kai da kawowa kamar zuma. Ga kuma adaidaita mai ƙafa uku, wadda ke ɗaukar mutane da kaya.

Ɗan kabu-kabu ba hanya yake dubawa ba, fasinja yake nema. Idonsa yana gefen titi. Da an ɗaga mashi hannu, sai ya karkata nan take, ba alama, ba waiwaye. Mai keken da ke bayansa sai dai ya yi salati. Wani yana wuce mota ta hannun dama. Wani yana bin hannun da ba nashi ba don ya rage tafiya. Wani ya ɗauko mutum uku da akuya. Wani yana tuƙi da hannu guda, ɗayan hannun yana riƙe da salula. Inda akwai jar wuta, in babu ɗan sanda tsaye, da yawa ba su tsayawa.

Wannan gaggawa tana da dalili. Da yawa cikin samarin nan ba su ne masu babur ba. Kowace rana akwai kuɗin da za su kai ma mai shi. Sai sun cika wannan, sun sayi mai, sa'an nan su nemi na tuwo. Wasu ma daga ƙauye suka zo cin rani, suka koyi tuƙi cikin kwana biyu a bayan gari, ba wanda ya koya masu dokar hanya. Wasu kuma suna shan ƙwaya don kada su ji gajiya. Neman abinci halal ne. Amma dalili ba ya ɗora ƙafar da ta karye.

Masu ƙananan motoci ma suna da nasu laifi. Akwai mai ba ɗansa mota alhali bai isa tuƙi ba. Akwai mai buɗe ƙofa ba tare da ya duba baya ba, mai keke ya zo ya yi karo da ita. Ranar ɗaukar amarya da ranakun salla kuwa, samari suna tsere da wasa da babur a tsakiyar jama'a. Cikin azumi, dab da shan ruwa, kowa sauri yake kamar ana korarsa.

Ƙofar kasuwa

A kewayen kasuwa mai tafiya ƙasa ba shi da wurin sa ƙafa. Gefen hanya da aka bari dominsa, masu tebur sun cika shi. Nan mai shayi, nan mai faci, nan mai tsire, nan an jibge buhuna. Dole mutum ya sauko bisa kwalta. Tsohuwa da sanda, almajiri da ƙoƙo, yarinya mai talla da faranti a kai, ɗiyan lakwal da jaka, duk suna cuɗanya da babura.

Baƙo nan yake rikicewa. Ya tsaya bakin hanya ya daɗe, motoci ba su yanke ba. Sai ya gaji, ya sheƙa a guje. Ya kai tsakiya, oda ta firgita shi, ya juyo baya. Wannan juyowa ita ce mafi hatsari, don direba ya riga ya kauce ta inda mutumin ya baro.

Bisashe ma haka. Ragon da bai saba jin oda ba yana fizge igiya. Mai shi ya bi shi cikin titi, idonsa ga dukiyarsa, bai ga motar da ke tafe ba.

Lissafin gudu

Mutane da yawa suna zaton da direba ya gan su, zai iya tsayawa. Ba haka ba ne. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya gani, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, daƙiƙa guda ta wuce. Bayan nan mota tana ƙara jan kamar wasu mita 14 kafin ta tsaya. Jimla kusan mita 28 ke nan, wato taki kamar 40 na babban mutum. Wannan in birki na da kyau ne, kuma ba rairayi bisa kwalta. In gudu ya ninka biyu, jan birki sau huɗu yake ninkawa. Tirela mai kaya kuwa ta fi haka nisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da lissafi a shekarar 2023. Ta ce hatsarin hanya yana kashe mutum kamar miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya. Fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Kuma shi ne ya fi komi kashe yara da samari ƴan shekara 5 zuwa 29.

Komawa gida

Da la'asar sakaliya kasuwa ta fara watsewa. Wanda ciniki ya riƙe, magariba tana riskarsa bisa hanya. Lokacin hunturu ga hazo, ga ƙura. Yawancin kekuna ba su da fitila. Amalanke ba ta da komi a baya. Jaki kalar ƙasa ne. Direba ba ya ganinsu sai ya zo dab da su.

Wata motar kuma fitila guda gare ta. Mai keke ya hango ta, ya zaci babur ne, ya bar mata ɗan wuri. Wata ta kunna babbar fitila, ta kashe ma kowa ido. Mutum ya sayar da wakensa lafiya, kuɗi na aljihu, saura kilomita uku ya kai gida, tsautsayi ya same shi.

Abin da hatsari ke ci

Karayar ƙafa ga manomi ba ciwon mutum guda ba ne. Ƙashin babban mutum yana ɗaukar wata biyu ko uku kafin ya kama, na cinya ya fi haka. In abin ya faru farkon damana, shuka ta wuce, noman fari ya wuce, maimai ya wuce. Gona ta zama ciyawa. Kuɗin magani kuma sai an sayar da akuya, ko an buɗe rumbu tun lokaci bai yi ba. Direba ya ba da haƙuri ya tafi. Iyali su ne ke biyan bashin har kaka mai zuwa.

Inda karatu ke rana

Hanya tana da rubutunta. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana iya karanta shi. Allo mai kusurwa uku da jan baki, gargaɗi ne: akwai hatsari a gaba. Allo kewayayye mai jan baki, hani ne. In an rubuta 50 a ciki, kada mota ta wuce wannan gudu. Jan allo mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP, tsayawa ce dole, har ga mai keke.

A Nijar abin hawa hannun dama yake bi. Mai keke da mai amalanke su riƙe dama, su jeru ɗaya bayan ɗaya. Kafin kwana, a waiwaya, a miƙa hannu. Mai tafiya ƙasa kuwa, inda ba wurin da aka keɓe mashi, ya bi hagu, don ya riƙa ganin motar da ke fuskantarsa. Wurin ƙetarewa a duba hagu, a duba dama, a sake duba hagu. A ƙetare kai tsaye, ba gudu, ba juyowa. A riƙe hannun yaro. A gajarta igiyar dabba. A gyara birkin keke kafin ranar kasuwa. A sa fitila a gaba, a liƙa jan abu mai ƙyalli a bayan keke da bayan amalanke. Farar riga ta fi baƙa ganuwa da dare. Mafi kyau duka, a bar gari da sauran rana.

In hatsari ya auku, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. Kada a ciccibi wanda ya bugu a wuya ko a baya da gaggawa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta lambar motar, ko a bayan hannunsa ne. Doka ta tilasta ma kowane mai mota ya yi inshora, wadda ake ce ma asirans. Amma sai ƴan sanda sun zo sun auna wurin, sun yi takarda, sa'an nan wanda aka buge zai iya neman hakkinsa. Wanda ya karɓi jika biyu a bakin hanya ya yafe, in ciwo ya tashi daga baya, ba shi da wurin zuwa. Kuma a fara kai mutum gidan likita a ɗauki hoton ƙashi, kafin a yi zancen maɗori.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu tuƙi, don su ke riƙe da ƙarfe. Sandikan direbobi da na ƴan kabu-kabu su ja kunnen ɗiyansu. Masu babura su sassauta kuɗin da suke ɗora ma yara. Ma'aikatar magajin gari ta buɗe ma masu tafiya ƙasa gefen hanya, ta ƙara tudun rage gudu a ƙofar lakwal da ƙofar kasuwa. Hatsin da birni ke ci, da nonon da yake sha, bisa keke da jaki da kan mata suke shigowa. Wanda ya kawo ma gari abinci da safe, hakkinsa ne ya koma ma iyalinsa da ƙafafunsa da marece.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.