Kwana uku a Urafan: mai ɗaki ta san inda yake mata yoyo

 

A ƙarshen watan Afrilu, bazara na tsakiyar cin kasuwarta, ƙungiyoyin mata na Urafan suka gayyace ni in taya su duba littafi kafin rabon asusu. Ga wadda ba ta taɓa zuwa ba, Urafan na arewa da Tasawa, cikin ƙasar jigawa, kuma mutanen ɓangaren Mayahi maƙwabtansu ne. Daga Tasawa na hau motar ƴan kasuwa, mu da buhuna da kaji da wani tsoho mai riƙe da tunkiyarsa kamar jariri. Sau biyu muka sauka maza suka tura mota cikin rairayi.

Gonaki duk an share, ana jiran ruwan shuka. Abin da ya fi burge ni a hanya shi ne gawo. Kun san halinsa: da damina ya zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi na cin ƴaƴansa a ƙarƙashi. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. Na ce a raina, gonar maza dai ta samu masu tunani a kanta. Ban san cewa maganar da zan kwaso a wannan tafiya ke nan ba.

Aikin littafi bai ba mu wuya ba. Masu makulli uku suka buɗe akwati a gaban kowa, aka ƙirga, lissafi ya fita daidai. Bayan la'asar muka koma gindin bedi a gidan shugabar ƙungiya, aka kawo fura. Sai ga wata ƙaramar yarinya da gudu: jar akuyar maƙwabta ta kutsa darni ta cinye yakuwar uwarta. Matar ta dafe kai ta ce, "Wannan karo na uku ke nan! Ni nake ban ruwa, ita take girbi." Aka fashe da dariya. To fa, kamar an buɗe bakin rumbu, kowa ta shiga zubo nata.

Wata ta ce ita murhunta ne ciwon ranta. An kafa mata shi a kusurwar da iska ke kaɗo hayaƙi cikin ɗaki, kullum idonta ja, tufafin yara duk ƙauri. Wata ta ce magini ya saka indararo daidai saman ƙofarta, in ana ruwa sai ta yi wanka kafin ta kai ga tukunya. Wata amarya ta ce an yi mata ɗakin kwano ana ta yi mata barka, ga shi yanzu da azahar ko man shafawarta narkewa yake, taga guda ce kuma ba ta fi faifai ba, ita ma an kai ta can sama kamar ta gidan kaso. Wata dattijuwa ta ce ƙofar ɗakinta gajera ce, shekara ashirin tana duƙawa da tulu, bayanta ya gama sanin magini. Akwai mai kukan ruwan wanka da ke kwanciya bayan gida, kaji na tona, sauro na haihuwa. Akwai mai kukan turmi, wai ba inuwa ko ɗaya a tsakar gida, sai ta bi gindin katanga tana daka tana matsawa kamar ƙadangaruwa.

Ni ma ban yi shiru ba. Na faɗa musu nawa: turken awaki da aka kafa taku biyar daga madafata. Ina tuƙa tuwo ina korar ƙuda da hannu guda.

Muna ta dariya, amma da na kwanta da dare na jera koke-koken a zuciyata, sai na ga uwarsu ɗaya. A cikinmu kusan mu talatin, ba wadda aka tambaya ranar da ake zana gida a ƙasa. Maigida da magini ne suke tsayawa da sanda su ja layi: nan ɗaki, nan zaure, nan rumbu. Su kuwa da safe za su fita gona ko kasuwa ko majalisa. Wadda za ta wuni a ciki, ta yi girki, ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta yi renon yara, sai an gama a ce mata bisimilla. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To a gidajenmu mai ɗakin ai mace ce.

Washegari mai masaukina, wadda ta girme ni da kaɗan, ta ce, "Ƙanwata, jiya da dare kika shigo, ba ki ga komi ba. Taso ki ga gidana da rana." Gidan ƙasa ne kamar na kowa, ba siminti ba fenti. Sai da ta riƙa nuna mini ɗaya bayan ɗaya na gane bambancin.

Ƙofar ɗakinta kudu take kallo. Ta ce, "Hadari daga gabas yake taso mana, iskar hunturu ma daga gabas maso arewa. Mi zai sa in buɗe musu baki?" Bangon gabas, wanda ruwa ya fi duka, shi take fara sa a yi wa yaɓe kowace shekara kafin damina. Tagogi biyu ne suna kallon juna, iska na shiga ta fita, kuma ta sa musu raga saboda sauro. Indararo ta sa an juya shi baya, ta jera duwatsu a inda ruwan ke faɗuwa don kada ya ci gindin bango.

Madafarta rumfa ce mai bango rabi ta gabas da arewa, sama a buɗe hayaƙi na ficewa. Murhun na laka ne, da hannunta ta gina shi daidai gindin tukunyarta, ƙofar icce guda. Ta ce tun da ta bar duwatsu uku, ƙunshin iccen da yake yi mata kwana biyu yanzu yana kai ta uku har da ɗori, kuma tarin da take yi da asuba ya ragu. Likitoci dama sun daɗe suna faɗa mana hayaƙin girki na cutar da ido da huhu, musamman na yaron da ke goye.

Sai lambun. Bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, yana dab da inda ake alwala da wanke hatsi. Ta haƙa ƴar hanya, ruwan na gangarawa da kansa gindin zogala uku, da yakuwa, da kuɓewa kaɗan. Ruwan Omo kuwa ba ya zuwa nan, ramin kansa gare shi da aka cika da tsakuwa da fasassun tukwane, yana tsotsewa ba ya kwanciya. Zogalar ba ta barinta ta yi tsawo, da ta kai ƙirji sai ta datse kan don ta yi rassa, hannu na kaiwa ba sai da ƙota ba. Na tambaye ta akuya fa? Ta nuna mini shinge biyu: darni daga ciki, ƙayar magarya daga waje, ga lalle ta dasa a jere yana tasowa zai zama shinge mai rai. Ta ce, "Akuya ba ta da laifi, Allah ya yi ta da baki. Mai darni guda ne mai laifi."

Kada ku ɗauka abin ya zo mata a sauƙaƙe. Ruwan wata damina ne ya kayar da tsohon ɗakinta. Da za a sake gini ta ce a juya ƙofa, maigidan ya ce tun kakanni haka gidan yake kallo, kuma magini ba zai ɗauki umarnin mace ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta jira rabon asusu, ta ɗauki kasonta ta ce, "Malam, kuɗin tagogi da ƙyaure da ladan kwana biyu na magini suna wuyana. Abin da nake roƙo, a bar ni in tsaya wurin ranar jan layi." Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya ce to. Yau shi ne mai shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakin nan da azahar saboda iska.

Da muka koma taro rana ta uku na ba da wannan labari, sai ma'ajiyar wata ƙungiya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Yaya, a yi hattara. Bashin asusu na sana'a ne. Taga ba ta haihuwa. In mace ta ci bashi ta gyara ɗaki, da mi za ta biya in wata ya cika?" Wallahi gaskiya ta faɗa, kuma mun sha ganin ƙungiyar da irin wannan ya girgiza. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar nan tamu ta Maraɗi a 1991, tare da CARE, har tsarin ya bazu ƙasashe da dama, abin da ya riƙe shi shi ne bashi na dawowa kan lokaci. Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka tsaya a kan haka: gyaran ɗaki da kuɗin rabo ake yinsa, ba da bashi ba. Abin da zai kawo kuɗi, kamar lambun zogala da ake sayar da ganyensa ko a yi kwaɗo a kai kasuwa, wannan ana iya duba shi. Murhun laka da ramin ruwa kuwa ba sa son ko dala, gayya kawai suke so: mata biyar, hantsi guda.

An kuma yi gardamar kwano da soro, kuma ba a raba ta ba. Masu soro suka ce sanyi. Masu kwano suka ce ku je ku nemo azara ku ji kuɗinta, ga gara, ga yaɓe duk shekara, ga fargabar rufi ya jiƙe ya rufto da dare. Kowa da hujjarta. Abin da aka yarda da shi, duk mai kwano ta nemi a ɗaga bango sama kaɗan, a yi mata taga biyu, ta shimfiɗa zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashin kwanon, ta dasa bedi ta yamma amma nesa da bango saboda saiwa.

Na dawo gida da ƙullin irin zogala a bakin zane. Ran da na huta na kai wa maigida fura na ce, "Malam, ina da magana a kan turken nan." Ya ce shekara nawa yana nan ban ce komi ba? Na ce ai ba a tambaye ni ba. Ya yi dariya. Har yau da nake rubutun nan turken bai motsa ba, amma ya ce bayan shuka. Na rubuta a littafina, kuma kun san ni da bin bashi.

Roƙona ga kowace ƙungiya: a taron mako mai zuwa, bayan an rufe akwati, a ɗan zauna kowa ta faɗi abu guda da ke ci mata rai a gidanta. A ware wanda hannu zai gyara kafin ruwa ya sauka, a sa ranar gayya. Wadda kuma ake shirin yi wa gini, ko ake yi wa ɗiyarta ɗakin aure, ta yi magana tun ana kwaɓa ƙasa. In tubali ya bushe, sai haƙuri.

Ina gaida matan Urafan da suka karɓe ni hannu biyu, da mai masaukina, har da jar akuyar nan da ta buɗe mana baki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa asusunmu ya ƙaru. Amin.