Kitse A Jini: Tsakanin Ƙwai Da Man Shanu

Mu ɗaliban Hausa mun saba da gardama a kan fassara, amma ban taɓa ganin kalmar da fassararta ke rikita gida kamar wadda likitoci ke kira kolestarol ba. In za a yi wa Bahaushe bayaninta a asibiti, sai a ce masa kitse ya yi yawa a jininsa. To, Bahaushe ya san kitse, wato farin nan da mahauci ke yi wa mai saye gyara da shi. Ya san mai, ya san maiƙo. Saboda haka sai ya koma gida yana zaton abin da ya ci jiya ne ke yawo a jijiyarsa, kamar yadda maiƙo ke tasowa a kan miya.

Haka aka gaya wa mahaifina bara, bayan ya daɗe yana jin ƙirjinsa na yi masa nauyi duk lokacin da ya ɗan yi sauri zuwa masallaci. Ran nan Inna ta hana ƙwai shiga gidanmu, don maƙwabta sun ce shi ne uban kolestarol. Amma tuwon dare bai fasa zuwa da man shanu yana ninƙaya a kai ba. Da na yi magana sai kakata ta ce, "Kai yaro, da man shanu aka yaye ubanka." Ba a musu da Hajiya, sai na koma ɗakin karatu.

Abin da na fara tararwa shi ne, kolestarol ba baƙo ba ne a jiki. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi hanta ke yin ruwan matsarmama. Mafi yawansa ma jiki ne ke ƙera abinsa, abinci ɗan ƙari yake yi. Tun da yake mai ba ya gauraya da ruwa, sai an yi masa 'yan dako kafin ya bi jini. Ɗan dakon da ake kira LDL shi ne abin tsoro, domin in ya yi yawa yakan kutsa cikin bangon jijiya ya sauke kayansa, shekara da shekaru, har hanya ta tsuke. Ran da wannan tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, ran nan ne za ka ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi.

Maganar ta daɗe a ƙasashen Turawa. A 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ɗura wa zomaye kolestarol, jijiyoyinsu suka cushe. Mutane suka ce ai zomo ciyawa yake ci, ina ruwan mutum da shi? Sai da ciwon zuciya ya kwantar da shugaban Amurka Eisenhower a 1955 hankali ya tashi sosai. Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya ɗora laifin a kan daskararren kitse, wato irin wanda ke sandarewa in ya huce. A 1958 ya fara bin diddigin mazaje a ƙasashe bakwai, aka ga mutanen gabashin Finland, masu cin man shanu kamar ba gobe, su ne ciwon ya fi kashewa, mutanen tsibirin Kirit na Girka kuwa, masu man zaitun, da wuya ya taɓa su.

Ba a bar Keys ya sha ruwa ba. John Yudkin na Landan ya fitar da littafi a 1972 yana cewa sukari ne ɓarawon. A 2016 kuma aka tono takardun da suka nuna ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta biya waɗansu masanan Harvard kuɗi a kan wani sharhi da ya fito a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya matsa wa kitse. Wannan ya sa waɗansu ke cewa duk zancen kolestarol ƙarya ce. Ni dai ban yarda ba. An kama mai shaida ɗaya da cin hanci, amma sauran shaidu suna nan. Brown da Goldstein sun gano ƙofofin da hanta ke janye LDL da su daga jini, suka sami kyautar Nobel a 1985, kuma wanda aka haifa da ƙarancin ƙofofin nan ciwon zuciya kan kama shi da ƙuruciya ko me yake ci. A 1994 aka ba da sakamakon gwajin maganin sitatin a kan majiyyata 4,444 a ƙasashen Sikandinabiya, mace-mace suka ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Ga inda gidanmu ya shigo. Daskararren kitse yana sa hanta ta rage waɗannan ƙofofi, don haka ya fi kolestarol ɗin cikin abinci ɗaga na jini. Gwaiduwar ƙwai ɗaya tana da kusan miligiram 200, amma a 2015 Amurka ta janye iyakar miligiram 300 a rana da ta daɗe tana gindaya wa mutanenta. Man shanu kuwa fiye da rabinsa daskararren kitse ne, manja kusan rabi, man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wato an kori ɗan kallo, an bar mai wasan a fage. Sannan galan ɗin mai da ake rubuta wa "babu kolestarol" bai yi ƙarya ba, sai dai babu man tsiro da ke da shi tun fil azal, har da manjan.

Duk da haka Hajiya tana da hujjarta. A 2001 masu bincike sun auna Fulani makiyaya a yankin Jos, suka tarar abincinsu cike yake da kitsen nono, amma jininsu lafiya lau. Sai dai fa mutane ne marasa ƙiba, masu wuni a ƙafa bayan shanu, abincin ma ba ya isa su yi teɓa. Baba kuwa a shago yake wuni a zaune, da shayi mai madara da sukari cokali uku, ga hawan jini.

Ban iya kai wannan dogon bayani gaban Hajiya ba. Abin da na ce wa Inna kawai shi ne, ta duba kowane mai da sanyin asuba: wanda ta tarar ya daskare a kwano, a rage wa Baba shi. Ta gane nan take, don ta fi ni sanin man da ke barci lokacin hunturu. Yanzu da man gyaɗa ake yi masa miya, ƙwai ya dawo jefi-jefi, yana kuma shan maganin da likita ya rubuta masa kowane dare. Man shanu dai Hajiya ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai an ɗiga masa ran Juma'a, a nan muka tsaya. Wata mai zuwa zai koma a sake auna jinin.