Saƙa da Warwara a Tireshbil

Bahaushe bai rarraba wa saƙa suna ba. Masaƙin da ke jefa ƙoshiya, da mai tabarmar kaba, da yarinyar da ke yi wa jariri hula da kwarashi, da mai sarrafa ulu a kan tsinke biyu, duk saƙa suke yi, alhali Faransanci ya ba aikin masaƙa da na tsinke da na kwando sunaye daban-daban. Kaɗi da kitso da tufka da ɗinki ne suka ware da nasu sunaye. Daga hannu kuma kalmar ta shige zuciya: wanda ke zance da ransa yana saƙar zuci, wanda ya kasa tsai da shawara yana saƙa da warwara, mai nufin sharri kuwa an ce yana saƙa da mugun zare. A ƙarshen shekarar 2007, a wani gidan haya da ke Tireshbil cikin birnin Abijan, wata mata ta kwashe makonni uku tana saƙar hannu da ta zuci a lokaci guda.

Mutuniyar Adar ce, daga wani ƙauye na yankin Tawa, inda zuwa Kodebuwa cin rani ya zama kamar gado. Aure ya kawo ta. Mijinta yana sayar da garba, wato acake da soyayyen kifi, abincin da mutanen Abijan suka raɗa wa sunan Bahaushe saboda 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. Rabonta da gida tun kafin 19 ga Satumba 2002, ranar da yaƙi ya ɓarke ya raba ƙasar biyu, Buwake ta faɗa hannun 'yan tawaye, hanyar arewa ta zama abin tsoro, musamman ga baƙo. Cikin waɗannan shekaru mahaifinta ya rasu. Masu hali sun riƙa zagayawa ta Gana su isa Nijar. Ita tana da goyo, kuɗin mota ya yi nauyi, sai ta aika da gaisuwa ta bakin wani. Ba wanda ya ce mata ta yi laifi. Mahaifiyarta ma ba ta ce ba, kuma rashin cewar ne ya fi damunta.

Ita ce 'yar fari, saboda haka tun tana ƙarama Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. Ba ta yaba mata a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarta kai tsaye. In dole ta ambace ta sai ta ce "waccan". Alkunya ce, kowa ya san haka. Amma a gida alkunya tana da abokan tafiya: tuwon da aka ɓoye a ƙarƙashin faifai, zanen da aka ajiye a bakin gado ba tare da magana ba. Da nisa ya shiga tsakani, waɗannan duk suka yanke, shirun kaɗai ya rage, har ta rasa gane ko shirun kunya ne ko na fushi.

Bayan yarjejeniyar Wagadugu ta watan Maris 2007 hanya ta soma buɗewa. Babbar Sallah ta shekarar ta faɗo a Disamba, tsakiyar hunturu, ƙaninta kuma, mai talla a Ajame, ya ce zai je gida. Shi ya kawo labarin cewa tari yana damun tsohuwa, musamman in ta fito alwalar asuba iska ta bugi ƙirjinta. A nan ne matar ta tuna wani abu da wata maƙwabciyarta Baule ta koya mata: saƙar abin wuya mai kama da zobe, marar bakin da zai riƙa zamewa, wanda ake zura kai a ciki ya zauna a kan wuya da ƙirji. Hausa ba ta da suna tsayayye dominsa. Ita dai "abin wuya" take ce masa.

Zare sai an je Ajame. Ta hau bas ta ƙetare gadar Houphouët-Boigny, wadda tun 1957 take haɗa Tireshbil da Filato a kan ruwan Ebiriye, ta sauka cikin cunkoson da ba a jin kiran juna. Ulu iri-iri ne a rumfuna, yawancinsa na roba, mai sheƙi da araha. Ta riƙa murza shi tsakanin yatsa biyu tana mayarwa. 'Yar mai kaɗi ce. Ta tashi tana ganin Inna tana gurzar auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, kuma ta san tsohuwa za ta gane zaren roba tun kafin ya taɓa fatarta. A ƙarshe ta samu na auduga, siriri, shuɗi mai duhu kamar rinin baba, launin da tsohuwa za ta iya sawa ba a ce ta yi kwalliyar yara ba.

Da ƙanin ya ga zaren a leda sai ransa ya ɓaci.

"Yaya, shekara nawa ba ki je ba, sannan ki aika da wannan? Ki sayi atamfa turmi ɗaya, ko bargo. Mutane za su ce Abijan ta ƙi ku."

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Tsaraba ba ta mai karɓa kaɗai ba ce. A tsakar gida ake kwance ta, maƙwabta su shigo sannu da zuwa, idonsu yana auna abin da bariki ta yi wa mai aikowa. Turmin atamfa yana faɗin kuɗinsa da kansa, abin hannu kuwa ana iya ɗaukarsa a kan rashi. Ta ce masa za ta haɗa da goro da sabulu da jaka goma, don a samu abin nunawa, amma abin wuyan sai ya tafi.

Wace irin kyauta ce ma wannan? Tsaraba ta wanda ya dawo daga tafiya ce, ita kuwa ba dawowa za ta yi ba. Goron Sallah daga babba yake gangarowa zuwa ƙarami. Kayan Sallah miji ke yi wa iyalinsa, ko uba ga 'ya'yansa. Sunan da ya rage shi ne saƙo, wanda wasali ɗaya ne tsakaninsa da saƙa, kuma shi ya fi dacewa, domin akwai maganar da 'yar fari ba ta da bakin faɗa wa uwarta.

Da dare take aikin, bayan ta gama taya mijinta wanke kifi da yankan albasa da attarugu. Wahalar farko ita ce awo. Ta gwada a wuyanta, sannan ta tuna cewa wuyan da take yi wa saƙa ya ƙara shekara shida tun ganinta na ƙarshe da shi, kuma an ce tsohuwa ta rame. Ta warware, ta rage ƙulli. Wahala ta biyu ita ce sanyin kansa. Hunturu yakan leƙo Abijan na 'yan kwanaki ne kawai, ya zuba hazo ya wuce; sauran lokaci gumi ne, har zare yana manne wa tafin hannu. Ta manta ainihin sanyin Adar, wanda ke fasa leɓe da dunduniya, ruwan randa ya zama kamar ƙanƙara. Ta yi saƙa mai kauri, sai ta tuna Inna ba ta son abin da zai shaƙe ta, ko mayafi mai nauyi jefar da shi take yi. Ta sake warwarewa, ta sassauta hannu yadda iska za ta ɗan ratsa amma ba za ta daki ƙirji ba. Sau uku tana kai tsakiya tana komawa farko. Mijinta ya ce da ta ƙirga dararen nan da kuɗi, da bargon ya fi sauƙi. Ta ce ai shi ya sa.

Ta haɗe bakin biyu da allura kwana biyu kafin tafiya. A tashar Ajame ta miƙa wa ƙanin ƙunshin, ta ja masa kunne kada ya kwance shi a gaban jama'a. Ya bari sai dare ya ajiye a bakin gadon Inna. Mota ta kama hanyar Yamusukuro da Buwake, ta bi ta Bobo da Wagadugu zuwa Yamai, daga nan Doso da Birnin Ƙonni, sannan Tawa.

Sallah ta zo ta wuce ba labari. A waya ƙanin ya ce kowa lafiya, an gode da goro. Ta kasa tambayarsa abin da take son ji. Sai bayan wata biyu ya dawo, ya zo Tireshbil da tsarabar gida: kilishi, da busasshiyar kuɓewa, da wani ƙullin tsumma da ya ce na Inna ne. Ta kwance. Dunƙulen zare ne fari, kaɗin hannu, wani wuri siriri wani wuri da ɗan kauri, irin na hannun da ya soma rawa. Ta san tsohuwa ta ajiye mazari tun kafin ta yi aure.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, a gaya wa waccan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsauri, ta riƙa sakin hannu. Wai kuma zaren kanti ba ya jimre wanki, ga na kirki nan, ta yi wani."

"Ta sa shi?"

"Kullum asuba. Ranar Idi ma a ƙarƙashin mayafi ta sa. Da wata ta tambaye ta inda ta samu, sai ta kau da kai ta ce ita ma ganinsa ta yi."

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, amma uwar 'yar fari ba ta da hanyar yabo sai ta kushe. Matar ta daɗe tana juya dunƙulen a hannu. Ta auna shi da ido, ta ga ba zai kai abin wuya guda ba. Da ƙyar ya yi rabi. Ragowar, in ji ƙanin, Inna ta ce ba ta aika zare sau biyu a mota, mai so sai ta zo ta karɓa.

A daren nan ta ɗauko tsinkenta ta soma ɗora ƙulli, tana tambayar mijinta nawa ne kuɗin mota zuwa Tawa in an haɗa da yara biyu.