Wa Ya Ɗauki Nauyin Littattafan da Suka Raine Mu?

A makarantun firamare na ƙasar Gumel, daga cikin gari har Gagarawa da Sule Tankarkar, littafin Hausa a da kayan makaranta ne. A kabad ɗin hedimasta yake kwana. Manita ya ɗauko, a ba kowane benci ɗaya, yara uku ko huɗu su haɗa kai a kansa, na tsakiya ke buɗe shafi. Da an kaɗa ƙararrawa sai a ƙirga a mayar. Da Ka Koyi Karatu ake farawa, a bi ta Ka Ƙara Karatu, ranar da aka miƙo maka Magana Jari Ce kuwa ka san ka girma.

Littattafan nan akwai waɗanda suka tsaya musu da kuɗi da lokaci. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari, inda wani matashin malamin Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya fito da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauke shi daga aji, aka kai shi Zariya ya yi wata shida ba shi da aiki sai rubutu. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku, aka fara buga shi a 1937. Gaskiya ne Turawa suna da tasu manufa, so suke boko ya kafu, ajami kuma ya sha ture. Amma a duba abin da marubucin ya samu: albashinsa na tafiya, ga mai duba masa rubutu, ga maɗaba'a, ga makarantun En'e suna jiran littafin tun kafin tawada ta bushe. Wane marubucin yara ne yake da ko rabin wannan gata a Jigawa yau?

Hukumar adabi ta NORLA ta ɗora kan aikin a shekarun 1950, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya karɓa a 1966. Muka karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne aikin Ibrahim Yaro Yahaya, da ya tattara tatsuniyoyi da wasannin dandali a littafi shida farkon shekarun 1970. A nan yaro ya ga Gizo da Ƙoƙi a takarda, ya gane ashe hirar kakarsa ma ilimi ce.

Sai shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, littattafai suka kasa zagayawa. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada. Marubutan Kano suka tashi suna buga nasu da kuɗin aljihunsu, akasari na soyayya. Ban ga laifinsu ba, matasa da matan aure ke da kuɗin saye, ɗan aji uku ba shi da ko sisi. Kyautar adabi ta kamfanin NLNG takan zagayo kan adabin yara duk shekara huɗu, dala 100,000, amma mai rubutu da Hausa ba ya cikin lissafi.

Ko a zamanin da muke firamare ma, ni ban taɓa buɗe littafi na ga garinmu a ciki ba, kuma abin yana damuna har yau. Ga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, raƙuma da shanu na kwararowa daga Nijar, yaro riƙe da akala yana sauraren cinikin dillalai. Ga yaran Gagarawa a gonar riɗi lokacin kaɗe, ga 'yan mata suna ɓarar zoɓo har yatsu su rine ja. Duk labarai ne da ke jiran mai rubutawa da mai zana hoto.

Masu iyawa suna nan, Kwalejin Ilimi ta Gumel tana yaye malaman Hausa kowace shekara. Ina roƙon ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel da Majalisar Masarautar Gumel su haɗa hannu: a sa gasa, a ba wanda ya ci hutun rubutu da albashinsa, a yi alkawarin sayen littafin ga kowace firamare, a kuma bar yaro ya tafi gida da nasa.