Madarar ƙarfe biyu

1/ Duk wanda na ce wa ilimin abinci mai gina jiki nake karantawa sai ya yi dariya: "Au, girki kike koyo a jami'a?" Na gaji da musu. Yau dai bari in ba ku labarin SIWES ɗin da na yi a gida Daura. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Agusta ne. Tsohon gero ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, ga sauro. Lokacin ne ɗakin yara masu tamowa ke cika. Mata daga Baure, Zango, Sandamu, wasu ma daga Nijar suke tsallakowa ta Kwangwalam. Sunana a bakinsu "Malama mai madara".

3/ Aikina awo. In zagaya tsiri a damtsen yaro, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, to abin ya yi tsanani. Kullum da safe sikeli. Wallahi sai ka haddace nauyin yaro kafin ka riƙe sunansa.

4/ Abin da mutane ba su sani ba: yaron da yunwa ta cinye ba a ɗura masa abinci. Zuciya da hanji sun yi laushi, in ka cika shi lokaci ɗaya kana iya kashe shi. Madarar F-75 ake ba shi, kaɗan-kaɗan, duk awa 2 ko 3, dare da rana.

5/ Akwai wani yaro, bai kai shekara biyu ba, ƙafafu a kumbure. Uwarsa sa'ata ce, ƙila ma na girme ta. Na kama ta da fura a kwanon sha, ta ɓoye ƙarƙashin gado. Na karɓe. Ta ce, "Malama, yunwa fa yake ji." Na ce ta yi haƙuri, lokacin fura zai zo.

6/ Kwana uku bayan nan na auna madararsa ta ƙarfe 2 na rana, na nufo gadon. An riga an rufe shi da zane. Na tsaya da kofi a hannu kamar an dasa ni. Abu ɗaya ke yawo a kaina: yaron nan ya nemi abinci, ni na hana shi.

7/ Kun san wa ya ba wani haƙuri? Ita. "Malama, kar ki yi kuka, kwanansa ne ya ƙare." Ta goya shi kamar mai barci, don in direba ya gane gawa ce kuɗin mota zai canza. Ta ɗauki kwanon shanta ta fita.

8/ Antin da nake ƙarƙashinta ta daɗe a aikin. Ta karɓi kofin ta ce, "Je ki auna na gado na 7, lokacinsa ya wuce." Na ji haushinta sosai. Na ce a raina matar nan zuciyarta ta bushe.

9/ Sai bayan la'asar ta kira ni, ta buɗe fayil ɗinsa. Ciwon huhu, ga shi an kawo shi a makare. Ta ce, "Ɗiyata, da kin bar mata furar, da tambayar da kike wa kanki yanzu ta fi wannan ɗaci."

10/ Ta jawo wani tsohon littafi daga jaka. Duk yaron da aka sallama da ƙafarsa tana rubuta nauyinsa na shigowa da na fita. Waɗanda suka rasu ba ta rubutawa, su a sujada take ambatonsu. Ta ce ranar da aka yi rashi ba ta iya cin tuwon dare, yaranta ma sun daina tambaya.

11/ A aji an koya mana lissafin kalori, babu wanda ya ce ga yadda za ki yi da kofin da mai shi ya tafi. A 2025 MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida. Da na gani, masu auna madarar na fara tunawa.

12/ Yarinyar gado na 7 an sallame ta da ƙunshin gyaɗar tamowa, tana ta fizgar mini hijabi. Anti ta miƙo mini biro, ni na rubuta ta a littafin. Fura kam har yau in aka dama a gida sai in ce na ƙoshi.