Kafin ka sake wa ginin fenti

Ɗana, tunda masu rukunin kantunan nan na tsakiyar gari sun damƙa maka ragamarsa, kuma ka ce rabin shagunan a garƙame suke, benen sama kuwa ba mai hawa sai masu gadi, to ka yi hattara da shawarar da za ta fara zuwa maka. Wani zai ce a sake fenti, wani a ƙaro fitilu, wani kuma a gayyato mawaƙi ranar Asabar a cika farfajiya. Za ta cika kuwa. Amma ka dawo ranar Litinin da hantsi ka tsaya bakin ƙofa, ka ga ko mutum nawa ne suka shigo da niyyar sayen wani abu. Waɗannan su ne za su biya maka hayar gini.

A Kantin Kwari na yi ƙuruciya ina yaron shago, a nan kuma furfura ta same ni. Ka san wurin: lunguna a matse, zafi, turereniya da ƴan dako, ga gobara da ta sha yi mana ɓarna. Duk da haka fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru ba su fasa zuwa ba, saboda sun san atamfa ko shaddar da suka rasa a wannan rumfa tana ta gaba, sun san za su taya a ce albarka su ƙara a sallama, kuma wanda aka sani ana ba shi kaya ya kawo kuɗi in ya dawo. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take ci. Masu iya magana suka ce kasuwa a kai miki dole. Ka tambayi kanka wace dole ce za ta kawo mutum ginin da kake riƙe da shi.

Shi irin wannan gini mai rufi da sanyi ba domin mu aka fara tsara shi ba. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minnesota ta Amurka, wanda wani mai zanen gine-gine haifaffen Viyana, Victor Gruen, ya tsara. Wurin ana tsananin hunturu, mutanensa kuma masu mota ne da albashi da firji, masu sayayyar mako guda a fita ɗaya. Dabarar ita ce a ajiye manyan kantuna su jawo jama'a, ƙananan shaguna su ci albarkacin masu wucewa. Mu kuwa a nan yawancin magidanta kullum suke cefane, mudu guda, man gyaɗa rabin kwalba, sau da yawa ma a shagon unguwa inda za a rubuta musu bashi.

Ka ga abin da ya faru a titin gidan Zoo. A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall, Shoprite a cikinsa, gari ya ɗauka, yara da manya suna zuwa kallo da ɗaukar hoto. Kamfanin na Afirka ta Kudu, wanda ya shigo Najeriya a 2005, ya sayar da harkarsa ta nan ga ƴan ƙasa a 2021, sannan a Janairun 2024 aka rufe reshen Kano. Tsakanin nan an cire tallafin fetur a Mayun 2023, an saki naira ta faɗi a watan da ya biyo, bayan rufewar kuma, a Afrilun 2024, masu layin wuta na Band A suka wayi gari ana sayar musu da wuta naira 225 kowane yunit. Mai saye aljihunsa ya yi sanyi, mai gini kuɗin gas ɗin janareta ya ninka. Ba laifin mutum ɗaya ba ne. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, ginin da ya jingina da ɗan haya guda, ranar da wannan ya kwashe kayansa kowa ya shiga uku. Saboda haka kada ka ɓata shekara kana jiran wani babban kamfani ya zo ya cece ka.

Fara da haya, don nan ciwon yake. Masu gini suna jin kunyar rage kuɗi, suna ganin darajar wuri ce za ta zube, har wasu manyan rukunan ƙasar nan da dala suke lissafa haya alhali ɗan hayar da naira yake ciniki. To shagon da ke kulle bai kawo ko sisi ba, kuma yana cutar da maƙwabcinsa, domin mace in ta leƙo ta ga ƙofofi uku a rufe a jere, juyawa za ta yi kafin ta kai ga na huɗu da ke buɗe. Da babu gara ba daɗi. Ka raba manyan shagunan nan gida biyu ko uku, yadda mai ƙaramin jari zai iya kamawa. Ka daina cewa sai an biya shekara cur a dunƙule. Karɓi wata-wata ko wata uku-uku. Na ga yara masu basira da yawa da kuɗin hayar shekara ya cinye jarinsu tun kafin su zuba kaya a kanta, abin yana ci mini rai har yau.

Sai kuma wa za ka zuba a ciki. Kada ka bi son ido ka ce a samu kowane iri ɗaya-ɗaya don kada a yi kishi. Garin nan ba haka yake ciniki ba. Mai neman waya Farm Center yake nufa, mai hatsi Dawanau, mai kayan masarufi Singa, saboda masu sana'a ɗaya sun taru wuri guda, ana zagayawa ana gwada farashi. Zaɓi abu guda da za a san ginin da shi. Da ni ne, hidimar biki zan kama: masu leshi da atamfa, masu akwatunan lefe, teloli da masu aikin wuya, masu turaren wuta, masu lalle da kwalliya, masu kayan ɗaki. Aure ba ya tsayawa ko ana tsadar rayuwa, sai dai a rage, kuma uwar amarya za ta gode wa wanda ya hutar da ita yawon kasuwa huɗu cikin rana. Tela kaɗai sai ya kawo maka mutum sau uku, ranar awo, ranar gwaji, ranar karɓa.

Benen sama kuwa, ka sani mutum ba ya hawa matakala don kallon takalmi. Wanda zai hau shi ne mai ganin likitan ido ko na haƙori, mai gwajin jini, ɗalibin da ya zo koyon kwamfuta ko rubuta jarrabawar JAMB. Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro tsarin sun koma ga haka. A birnin Austin na jihar Texas, Highland Mall da aka buɗe a 1971 ya durƙushe, wata kwalejin garin ta saye shi, a 2014 aka fara karatu a ciki. Ɗalibi kullum sai ya zo, kuma in ya sauko zai ci abinci, ya sayi kati, ya buga takarda.

Akwai abin da ba ya cikin littafin akanta, amma yana korar mutane fiye da tsada. Duba yadda mai gadinka yake kallon wanda ya sauko daga adaidaita sahu da silifa. Na san attajiran da in ka gan su a hanya ba za ka ce sun mallaki dubu goma ba. A samar wa masu adaidaita wurin sauke fasinja dab da ƙofa, a gyara banɗaki ya zama da ruwa koyaushe, masallaci ya kasance da sashen mata mai tsafta, a sa benci inda tsohuwa za ta huta. Wuta kuma ka raba: kowane shago da mitarsa, fitilun baranda da fanka a ɗora su kan sola, a daina ƙona gas ana sanyaya falon da ba kowa.

Waɗanda suka daure suka zauna lokacin da wasu ke gudu, su za ka fara kira, ka zauna da su ɗaya bayan ɗaya a cikin shagunansu, ba a ofishinka ba. Sun fi ka sanin ƙarfe nawa ƙafa ke ɗaukewa da abin da masu saye ke tambaya a rasa. In za a yi rangwame, su fara gani kafin baƙo.

Masu ginin kuma ka gaya musu gaskiya tun yanzu, a rubuce: kuɗin da zai shigo a shekarar farko zai gaza wanda suka saba rubutawa a takarda, kuma ba za a ga haske ba sai an juya Sallah biyu ko uku. In akwai bashin banki a kan ginin, su je su nemi a sassauta musu lokacin biya kafin ka sa hannu da ɗan haya ko ɗaya. Idan suka ce su hayar da suke karɓa a da suke so, ba ragi ba jira, ka mayar musu da makullansu cikin mutunci, kada ka tara ƴaƴan mutane su zuba jarinsu a wurin da ka san za a tashe su baɗi.