Kilo 23 da dabinon Inna

Duk wanda ya shekara biyu a Doha bai leƙa gida ba ya san yadda waya ke yawan ƙara da zarar an ji ya yanki tikiti. Inna ta ce dabino, ƙanwata ta ce abaya, kawu ya ce turaren wuta, abokai kuma kowa da nasa. A Mushairib nake aiki, kasuwar Suƙ Waƙif kuwa da ƙafa ake zuwa, don haka kullum na tashi sai na biya na sayo wani abu na tura ƙarƙashin gado. Ban taɓa auna komai ba.

Ranar tafiya na hau jirgin metro a tashar Mushairib, inda layuka uku suka haɗu, na bi jan layi zuwa filin jirgin sama na Hamad. Tikitina na jaka biyu ne, kowacce kilo 23. Ta farko ta tsaya daidai, ta biyu ta nuna 29, ga shi kuɗin aljihuna duk sun tafi a tsaraba. Nan na tsuguna a gaban jama'a ina tonon kaya, gumi na karyo mini duk da sanyin wurin. Cikin gaggawa na zaro kwalin da ya fi nauyi na miƙa wa abokin da ya rako ni. Sai da na isa Kano na gane dabinon Inna ne. Ta ce, "Ai tunda ka zo lafiya, kai ne tsarabar." Har yau idan na tuna sai na ji kunya.

Tun daga nan na sauya tsari. Kafin in sayi ko allura sai na rubuta sunaye a takarda, iyaye a sama, kowa da abin da zan kai masa. Abin da babu a takarda ba ya shiga jaka. Na sayi ɗan sikelin hannu, kuma nakan auna akwati tun tana fanko, domin wata ita kaɗai takan cinye kilo huɗu. Nakan tsaya a 22, saboda sikelin gida da na filin jirgi ba lallai su zo ɗaya ba. Kai ma ka duba tikitinka, ba kowane ne ke ba da jaka biyu ba.

Tufafi naɗe su nake yi kamar tabarma, sun fi cin wuri kaɗan. Safa takan shiga cikin takalmi, takalmi kuma ƙasan akwati wajen tayoyi. Kwalbar turare sai na ɗaure ta a leda, in naɗe da riga, in sa a tsakiya. Dabino nakan fitar da shi daga kwalin ado mai nauyi. Kowace jaka nakan sa mata rabin tufafina da rabin tsaraba, ko da ɗaya za ta makara.

Jakar hannu ta fasfo ce da katin zama da caja da magani tare da takardar likita. Fawa-bank ma nan ne wurinsa, ba a yarda a sa shi a kayan da ake aunawa ba. Abu mai ruwa kuwa kada kwalbarsa ta wuce mililita 100.

Sai batun saƙo. Wanda duk ya kawo mini ƙunshi, a gabansa nake buɗewa, ko da ɗan ɗakinmu ne. In an tsayar da kai, sunanka ne a jikin jakar. Wasu sun ji haushi, na ba su haƙuri, ban karɓa ba.

A tafiyata ta bara, dabinon Inna na fara sawa, kilo uku cif, sannan na jera sauran kaya a kansa.